Sawun Munduwar Hajiya

Ranar da Hajiya Shafa'atu ta farka daga barcin hantsi ta ɗaga hannunta na hagu ta ga babu munduwa, sai da salatinta ya fito da maƙwabta daga ɗakunansu. Kafin la'asar labarin ya bar benen nan na Vaulx-en-Velin, a gefen birnin Lyon na Faransa, ya bi wayoyi ya sauka unguwar Guillotière, inda matan Nijar da na Cadi ke haɗuwa wajen sayen kuɓewa da busasshen kifi. Duk wadda ta ji sai ta riƙe baki, domin babu wanda bai san munduwar nan ba.

Ta azurfa ce, ƙirar Agadas, faɗinta ya kai yatsa uku. Marigayi mijinta ne ya sa mata ita a Dakoro shekarar da ta haifi ɗiyarsu Hamdiya, tun daga ranar kuma ba su rabu ba. Da ita take barci, da ita take wanka. In za ta yi alwala sai ta tura ta sama, ta wanke ƙarƙashi, ta maido ta mazauninta.

Ba su daɗe da dawowa daga tafiya ba. Hamdiya mai binciken rogo ce a wata cibiya a Lyon, aiki ya kai ta Jamhuriyar Dominikan, can tsibiran Karibiyan, ta tafi da uwarta. Da suka dawo sun kwana a Paris gidan Sabo, ɗan ƙanin Hajiya, sannan suka hau jirgin ƙasa zuwa Lyon. Washegari Achta ta zo. Ita Achta 'yar Cadi ce, sana'arta lalle da kitso da dilkar amare, abincinta da na 'ya'yanta biyu duk a cikin gidajen mutane yake. Ta iske ƙafafun Hajiya sun kumbura saboda zaman jirgi, ta yi mata tausa har barci ya ɗauke ta, ta ja ƙofa ta tafi.

Babu wanda ya ce ɓarauniya da babbar murya. Amma Hassia, wadda za ta aurar da ɗiyarta ranar Asabar, ta aika wa Achta saƙon murya cewa kada ta wahalar da kanta, sun samu wata. Bayan ita sauran ƙofofin suka bi, ɗaya bayan ɗaya.

*

"Malam, baiwar Allar nan Achta ba ta ci ba ta sha," in ji Ruwaida, tana ajiye wa mijinta shayi. "Ka tashi ka yi wani abu."

Malam Yakubu ya yi shekarun ƙarfinsa yana malamin daji a Nijar, yana bin sawun mafarauta da ɓarayin shanu a arewacin Dakoro. Da ya yi ritaya suka zo Lyon kusa da ɗansu. Yanzu abin da yake bi bai wuce jirgin tram na cikin gari da masallaci ba.

"Ruwaida, nan ba daji ba ne. Kwalta ba ta riƙe sawu."

"To ka bi na baki. Ba kai kake cewa mutum yana barin sawu cikin maganarsa ba?"

"Ni na ce?"

"Kullum. Har na gaji da ji."

Ya yi murmushi, ya shanye shayinsa, ya nemi hular sanyi. Watan Janairu ne, sanyin Lyon na shiga har ƙashi.

*

Ɗakin Achta yana saman wani shagon gashi a Guillotière. Ƙamshin turaren wuta ne ya tare shi, amma kaskon ya mutu. Ta shimfiɗa masa darduma, ta zauna nesa, suka yi gaisuwa mai tsawo. Bai yi gaggawa ba. Sai da ya tambayi yaran da makarantarsu, sannan ya ce:

"Ɗiyata, ran nan da kika yi mata tausa, kin ga munduwar a hannunta?"

Ta daɗe tana kallon tafin hannunta da lalle ya rina.

"Baba, da ƙarya zan yi sai in ce na duba babu. Amma gaskiya ban lura ba. Ƙafa na zo yi, ƙafa na duba. Hijabinta har gwiwa yake."

"Wa kika iske a gidan?"

"Ita kaɗai. Hamdiya ta fita aiki, ta bar mini makulli gun maƙwabciya kamar kullum."

Duk amsar da ta bayar kanta take ɗaurewa, Malam Yakubu kuma ya lura da haka. Ya sha ganin masu gudu a daji, sukan share baya da reshe. Wannan ba ta share komai ba.

"Ba aikin ne ya fi ci mini rai ba, Baba," ta ce. "Ni nake yanke wa Hajja farce. Ranar da aka kwantar da ni asibiti ita ta goya mini ɗiyata Fatsima. Jiya na gaishe ta a waya, na ji tana cewa a kashe."

"Ki ci abinci," in ji shi yana miƙewa. "Ban yi miki alkawarin komai ba, sai cewa zan duba."

*

Hajiya Shafa'atu ta gane shi tun daga bakin ƙofa.

"Ah, malamin daji! Kai da ka hana mu itacen girki a Dakoro!"

"Hajiya, ɗanye na hana. Busasshe kuwa har ɗora muku nake yi."

Suka yi dariya. Hassia na nan ta zo jaje, Hamdiya kuma tana tsaye bayan kujerar uwarta kamar mai gadi. Bayan gaisuwa Hajiya ta tambayi lafiyar Ruwaida, sannan ta zare hannunta daga hijabi ta miƙa masa.

"Duba, Malam. Duba yadda aka bar ni tsirara."

Ya gyara tabarau ya duba ba tare da ya taɓa ba. Gurbin munduwar na nan, fatar ta fi sauran haske, ko da yake ba kamar yadda ya zata ba. A tsakiyarsa akwai wasu ƙananan ɗigo baƙaƙe. Ta sa farce ta sosa wurin, ta mayar da hannun.

"Yaushe kika gan ta ƙarshe?"

"Kullum ina ganin ta! Da ita na hau agwagwa, da ita na sauka."

"Gwagwa, Inna," in ji Hamdiya. Ta juya wajen Malam. "Haka suke kiran ƙananan motocin haya a can, Tonton."

"Ni dai agwagwa na ce, don haka take tafiya, tana rangaji. Malam, wallahi motar Dakoro ce, raƙumi ne kawai babu a hanya. Ba ta tashi sai ta cika, in ta cika kuma sai a ƙara mutum uku. Ina Ruwaida? Tana lahiya?"

"Lahiya lau, Hajiya."

Ya nemi ganin hotunan tafiyar. Hamdiya ta buɗe waya: ga Hajiya a bakin teku, ga ta gaban wata tanda, ga ta rungume da wata tsohuwa mai farin gashi. A kowane hoto hannayenta na cikin hijabi. Yana cikin dubawa Hajiya ta taɓa gefen kujerarsa.

"Malam, ba ka ce mini komai a kan Ruwaida ba."

"Inna ta gaji, Tonton," Hamdiya ta yi sauri ta ce. "*Le décalage*, bambancin lokaci ne. Har yanzu barcinta bai daidaita ba."

Hassia ta rako shi bakin lif, ta rage murya. "Malam, ni ban ce kowa ba ne. Amma in ba ta Cadin ba ce, ka duba hoton da amaryar Sabo ta ɗora shekaranjiya. Azurfa ce a hannunta, har tana juya ta."

*

A daji, in sawu ya ɓace wa Malam Yakubu, ba ya tsayawa inda ake kuka. Baya yake komawa, zango bayan zango, har ya kai inda sawun ya fito sarai. Zangon da ke bayan Lyon shi ne Paris. Ranar Laraba ya hau jirgin safe.

Ya iske unguwar Barbès a cike, ranar kasuwa ce. Rumfuna sun jeru a ƙarƙashin gadar metro, jirgi na wucewa a sama yana girgiza ƙarafa. Shagon Sabo na gyaran waya ne, ɗan ƙarami, mutum biyu in sun shiga na uku sai ya jira a waje. Da ya ji abin da ya kawo Malam sai fuskarsa ta canza. Ya kira amaryarsa ta sauko, ta cire abin hannunta ta ajiye a kan gilashi.

Malam Yakubu ya juya ta sau ɗaya ya mayar mata. Sabuwa ce fil, bakin zanenta har yana kama yatsa. Wadda ta shekara talatin da wani abu a hannun mace mai daka da wanki ba za ta kasance haka ba.

"Ki yi haƙuri, amarya. Allah ya sa ki tsufa da ita."

Ta tafi, amma Sabo bai sake ba. Sai jera wayoyi yake yana sake jera su.

"Sabo, munduwar ta wanke ka, amma kai ba ka wanku ba. Mi ya faru ranar da suka kwana nan?"

"Ba komai, Tonton."

"To. Ni ba ni da sauri. Jirgina sai yamma."

Ya ja kujera ya zauna. Mutum biyu suka shigo suka fita. Can Sabo ya sauke numfashi.

"Hamdiya ce ta roƙe ni kada in faɗa. Gwaggo ta ɓace mana. Na sauko da ita ta sha iska, wani *client* mai kawo gyara ya tsayar da ni, na waiwaya babu ita. Tonton, na zaga kasuwar nan kamar mahaukaci. Sai can na same ta gun Nassim mai lemo. Tun da na ji zancen munduwa nake cewa a cikin cunkoson nan aka zare ta, laifina ne. Amma in na buɗe baki sai na faɗi yadda na same ta."

"Yaya ka same ta?"

Sabo ya share ido da bayan hannu. "Ba ta gane ni ba. Sai da na ambaci sunan Baba."

*

Nassim ɗan Aljeriya ne, dattijo mai ƙaton gashin baki, yana sayar da lemo da na'ana'a a ƙarshen layi. Da Faransanci suka yi magana, yana auna wa mutane kaya yana ba da labari.

"Na tuna ta mana! Na gan ta tana tsayar da bas da hannu a tsakiyar titi, ba a tasha ba. Na ce wannan uwar wani ce. Na kamo ta na zaunar a kan akwatin lemo, na ba ta shayi."

"Ta yi magana?"

"Da yarenku. Wata 'yar ƙasarku mai sayen na'ana'a ta fassara mini. Wai tambaya take ko an sauke mai jego, kada a wuce da ita."

"Mai jego."

"Haka aka ce mini."

"Da ka kamo hannunta, akwai munduwa?"

Nassim ya dakata da awo. "A wuyan hannu na riƙe ta, na hagu, don in tsallakar da ita. Babu komai. Da akwai ƙarfe da na ji. Da ta zauna ma sai goga wurin take a bakin akwati, kamar wadda wani abu ya ciza."

Malam Yakubu ya yi godiya, ya sayi lemo don Ruwaida. Abu ɗaya ya tabbata: munduwar ta bar hannun Hajiya tun kafin Achta ta taɓa ƙafarta. Amma faɗin haka kawai zai sauke kayan daga kan Achta ne ya ɗora wa Sabo, ko ya bar shi a kan wani ɓarawon kasuwa da babu wanda zai yarda da shi.

A jirgin komawa ya zauna gefen taga. Gonaki na wucewa, sanyi ya kwantar da komai, babu ko ƙuda a sararin Allah. Ya tuna ɗigon nan baƙaƙe a tsakiyar gurbin munduwa. Ya san su, ya sha ganin irinsu a jikinsa in damina ta wuce. Cizon sauro ne da ya warke. A watan Janairu babu sauro a Lyon, babu a Paris. Sauro kuwa ba ya huda azurfa.

*

Ya tari Hamdiya a bakin aikinta ranar Alhamis, suka zauna a wani ɗan gidan shayi kusa da tashar tram. Bai yi kwana-kwana ba. Ya gaya mata abin da ya gani a hannun uwarta, da abin da Nassim ya ce.

"Munduwar nan ba ta shigo Faransa ba, ɗiyata. A can ta fita, kuma da sauran kwanaki kafin ku taso, tunda har rana ta fara cin wurin."

Hamdiya ta rufe fuska da tafukanta. Ya bar ta ta yi kukanta.

"Tonton, *je te jure*, wallahi ban san inda take ba. Na dai yi zargin ko Inna ce ta yar. Amma in na ce haka, sai a ce yaya mace za ta yar da abin da ba ta cirewa? Daga nan kowa ya gane. Likita ya gaya mini tun bara cewa ciwon mantuwa ne ya kama ta. Shi ya sa na tafi da ita, ba zan iya barin ta ita kaɗai ba. Ba na son a zo ana gwada ta, ana ce mata 'Hajiya, wa ye ni?' Na ce zancen Achta zai lafa da kansa."

"Bai lafa ba."

"Na sani."

"Kina ɗaki ɗaya da ita a can, ba ki ga hannun ba?"

"Ni kullum fuskarta nake dubawa, Tonton, in ga ko ta gane ni. Ban taɓa duba hannunta ba."

Ya tura mata shayinta kusa. "To yanzu ɗauke ni ki kai ni can. Daga filin jirgi, mota bayan mota. Kada ki tsallake ko ɗaya."

Ta share hawaye ta fara. Daga Santo Domingo sun hau babbar bas mai sanyi kamar firji, har sai da Hajiya ta lulluɓa da bargo. A nan munduwar na nan, domin Hamdiya ta ji ta tana bugun ƙarfen kujera. Sun sauka a wani gari da ake kira Mao. Daga nan sai gwagwa zuwa Monción, garin da ake gasa kasabe, wani faifan burodin rogo siriri, wanda shi ne abin da ta je gani. A can suka sauka gidan wata tsohuwa, Doña Altagracia. Ita Hamdiya kullum tana wajen tanda, Inna kuma na baranda da tsohuwar suna tsince wake, kowa na yarenta.

"A gwagwar nan, tare kuka zauna?"

"A'a. Ni gaba aka cusa ni kusa da direba, da jakar kayan aiki a cinya. Inna na can baya. Ina dai jin muryarta tana ta surutu da wata yarinya mai jariri."

Malam Yakubu ya ajiye kofinsa a hankali.

"Motar nan, kullum direba ɗaya ne?"

"Su kaɗan ne, duk an san su. Har tukunyar abinci ake ba su su kai wani ƙauye."

"Kamar gida ke nan. To kira tsohuwar nan. Ki ce ta tambayi masu motar inda suka sauke mai jego ranar da kuka iso. Mai mota yana manta fuskar kowa, amma ba ya manta inda ya taka burki a hankali."

*

Ranar Juma'a bayan la'asar falon Hamdiya ya cika. Sabo ya zo daga Paris. Hassia ta zo da mata biyu. Ruwaida ce ta jawo Achta kusan da ƙarfi, ita kuwa ta tsaya jikin ƙofa da rigar sanyinta a jiki, ta ƙi zama. Hajiya ta kalle ta ta kau da kai.

Malam Yakubu bai ambaci sata ba. Ya zauna a ƙasa gaban Hajiya kamar ɗalibi.

"Hajiya, mutanen nan ba su yarda akwai motar Dakoro a bayan teku ba. Ba su labari."

Fuskarta ta washe. "Su zauna nan! Kun ga motar, ba ta fi ɗakin girkin nan ba. Akwai wani ƙato mai furfura da ke rataye a ƙofa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, yana ta kiran sunan gari kamar mai tallar fura. In kujeru sun ƙare sai ya jawo katako ya gitta a tsakiya, ya ce ga kujera. Ga tukunyar gas, ga buhun shinkafa, ga zakara a ƙarƙashina yana tsattsagar zanena. Kiɗa kuwa har cikin haƙori. Da za a tashi suka yi alamar addininsu a ƙirji, ni ma na yi bisimillata, muka kama hanya."

"Tasha nawa ce a hanyar?" Ruwaida ta tambaya.

"Wace tasha? Inda kike so nan ne tasha. Ki yi ihu, ƙaton nan ya bugi rufi da tafi, a tsaya. Ya sake bugawa, a wuce."

"Wa ke kusa da ke, Hajiya?" in ji Malam.

"Wata yarinya. Allah sarki. Daga asibiti take, ita kaɗai, ba uwa ba miji. A kan katakon nan aka ɗora ta, duk ramin da aka faɗa sai ta cije leɓe. Na ce ke tashi, dawo nan. Ba ta jin Hausa amma ta ji. Na ba ta kujerata, na karɓi jaririyar. Malam, ɗanya shataf, cibi bai faɗi ba. Na yi mata addu'a a kunne. Ta kama mini ɗan yatsa ba ta saki ba har suka iso, wani ɗan gida mai shuɗin fenti a bakin hanya."

"Ikon Allah. To mi kika ba ta na barka?"

"Haba Malam! Ni Shafa'atu in ga jariri in bar shi hannu rabbana? Kuɗin ƙasarsu duk suna gun Hamdiya, tana can gaba. Sai na…"

Ta tsaya. Hannunta na dama ya tafi wuyan na hagu, ya yi yadda ake buɗe munduwa, ya tsaya a iska. 

Hamdiya ta durƙusa kusa da ita ta kunna waya. A can hantsi ne, rana tar. Doña Altagracia ta bayyana tana ɗaga hannu, a bayanta ga bango mai shuɗin fenti. Sai ta matsa gefe, wata yarinya siririya ta zo da jaririya a kafaɗa. Sunanta Yudelka. Da ta ga fuskar Hajiya sai ta yi ƙara ta fashe da kuka da dariya tare, ta ɗago hannunta. Azurfar ta kama rana.

"Tana cewa ta so ta mayar miki," Hamdiya na fassarawa. "Kin tura mata cikin zanen jaririyar, kafin ta buɗe baki an bugi rufi mota ta wuce. Ta ce tana ajiye wa yarinyar ne har ta girma. Amma in kina so, yau ɗin nan za ta ba direba ya kai Mao a aiko."

Hajiya ta daɗe tana kallon jaririyar. Hawaye na bin kumatunta, ba ta share ba.

"Ki ce mata ba a maida barka. Wa ya rene ta? Kuma ta sa wa yarinyar nan hula."

Aka yi dariya, irin wadda ke zuwa bayan an daɗe da riƙe numfashi. Da aka kashe waya Malam Yakubu ya juya ga jama'a.

"Kun ji da kunnenku. Babu ɓarawo a Lyon, babu a Paris. Hajiya ta yi alheri a bayan teku, ba ta ɗauke shi wani abin riƙewa a rai ba. Saura wadda aka ɗora wa kayan da ba nata ba."

Hajiya ta ɗaga kai ta nemi Achta da ido.

"Ɗiyata, ni na ce ke ce?"

Kowa ya sunkuyar da kai. Ta gane.

"Ki yafe mini don Allah."

"Ni ce mai laifi, Achta," in ji Hamdiya. "Na ga ana yi miki, na yi shiru. *Pardon*."

Achta ta gyaɗa kai, amma ba ta bar jikin ƙofa ba. Hassia ta gyara mayafi ta yi gyaran murya.

"To, alhamdulillahi. Achta, gobe ki zo da wuri, kin san amarya…"

"Tanti Hassia, ba a waya kika sallame ni ba? Kuma ba a waya aka yi ta yawo da sunana ba? To a wayar za ki kira ni. A zauren nan na mata na cikin waya, da kowa ke saurare."

Hassia ta dubi Ruwaida, Ruwaida ta dubi silin. Sai Hassia ta ciro wayarta ta danna, ta yi sallama, ta faɗi sunanta da na Achta, ta ba da labarin tun daga katako har bangon shuɗi, ba ta rage ba. Kafin ta ajiye, wayoyin da ke cikin jakunkuna suka fara ƙara ɗaya bayan ɗaya.

Aka kawo shayi da kasabe. Sabo ya gutsura ya ce wannan ai kwali ne, Hajiya ta ce bakinsa ne bai san tafiya ba. Hira ta ɓarke. Malam Yakubu ya jingina da bango yana tunanin ko gwiwarsa za ta yarda ya miƙe.

Hajiya ta miƙa hannu za ta ɗauki kofi, hijabin ya zame. Ta tsaya tana kallon wuyan hannunta.

"Hamdiya!" Muryarta ta tashi, cike da tsoro. "Hamdiya, munduwata! Wa ya cire mini munduwa?"

Kofuna suka tsaya a hannun masu su. A lokacin kowa ya gane abin da Hamdiya ta shekara tana ɓoyewa. 

Achta ce ta motsa. Ta ɓalle maɓallan rigar sanyinta, ta rataye ta a bayan ƙofa, ta ratsa tsakiyar mutane ta zauna a ƙasa gaban tsohuwar. Ta kama wuyan hannun nan da tafukanta biyu.

"Tana nan lahiya, Hajja. Wata jaririya kika ba, barka, a cikin mota."

"Ni?"

"Ke. Amma ni ba ki ba ni labarin ba. An ce wai motar ba ta da tasha, sai an bugi rufi."

Hajiya ta dube ta, numfashinta na sauka a hankali.

"Ke ba ki ji ba?"

"Ban ji ba, Hajja."

"Allah sarki. To matso nan."